Tawakkali da Ɗaure Raƙumi: Abin da Guguwar Ian Ta Koya Mana

Godiya ta tabbata ga Allah Mai sarrafa iskoki, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwana matasa, akwai wata magana da nake yawan ji a bakinmu idan aka yi mana gargaɗi game da wani haɗari, wato mu ce ai ajali ba ya wuce lokacinsa. Maganar gaskiya ce, amma sau da yawa ana ajiye ta inda ba muhallinta ba. Ina so in ba ku labarin wata tafiya da wannan magana ta kusa raba kanmu a cikinta.

A watan Satumba na shekarar 2022 na kammala wani ɗan kwas na dabarun koyarwa a birnin Atlanta na Amurka, saura kwana goma in dawo gida. Sai wani dattijo Bahaushen Kumasi, wanda ya daɗe a can, ya ce ba zai bar ni in koma ban ga teku ba. Muka haɗu mu huɗu, ni da shi da wani ɗalibi ɗan Sudan da wani ɗan Senegal, muka loda tanti biyu da risho da buhun shinkafa a motarsa. Kafin mu tashi muka naɗa Alhajin amirin tafiya, kamar yadda Sunna ta koyar. Shirinmu shi ne mu bi gaɓar yammacin jihar Florida muna kwana a bakin ruwa, daga Cedar Key zuwa yankin Tampa, mu ƙare a Fort Myers.

Kwana biyun farko sai hamdala. Muna kasaru a kan rairayi, rana tana faɗawa cikin ruwa a gabanmu. Amma tun a lokacin rediyon mota yana ta ambaton wata guguwa da aka sa wa suna Ian, wadda ke ƙara ƙarfi a tekun Karibiyan. Irin wannan guguwa tana samun ƙarfinta ne daga ɗumin ruwan teku idan ya kai wajen digiri 26 ko sama, shi ya sa lokacinta a can yake daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Kuma abin da ya fi kashe mutane a cikinta shi ne ruwan tekun da take turowa kan tudu.

Ranar Litinin 26 ga wata muna yankin Tampa, hukuma ta umarci mazauna bakin ruwa su tashi, domin hasashen masana ya nuna can guguwar ta dosa. A nan ra'ayi ya rabu. Ɗan'uwanmu ɗan Sudan ya ce mu ci gaba kudu zuwa Fort Myers, kimanin kilomita 200, tunda ba can ta nufa ba, kuma mun riga mun biya kuɗin wurin kafa tanti. Ya ƙara da cewa wanda ya dogara ga Allah ba ya gudun iska. Alhaji ya juyo gare ni ya ce, "Malam, me littafi ya ce?"

Na ce, "Alhaji, hukunci naka ne, amma ga abin da na sani." Na ba su labarin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, lokacin da ya nufi Sham wajen shekara ta 18 bayan Hijira. Da ya isa Sarg aka sanar da shi annoba ta ɓarke. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansar da dattawan Kuraishawa, sannan ya yanke a juya. Abu Ubaida ɗan Jarrah ya tambaye shi ko gudun ƙaddara zai yi, shi kuwa ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddara ce. Ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya fako: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora. Na kuma tuna musu cewa Nana A'isha ta ruwaito yadda fuskar Manzon Allah (SAW) take canzawa idan ya ga hadari ko iska, yana tuna abin da ya sami Adawa. To wa ya kai shi tawakkali?

Alhaji ya duba taswirar masana, ya ga Fort Myers ma tana cikin yankin da suka ce guguwar na iya karkata. Ya ce a naɗe tanti, arewa za mu koma. Muka shiga cunkoson babbar hanyar I-75, gidajen mai cike da layi, muka haɗa Magariba da Isha a wani wurin hutawar matafiya. Ɗan'uwanmu bai ce uffan ba har muka shiga jihar Jojiya, amma ya bi amirinsa, kuma wannan abin yabo ne a gare shi.

Ranar 27 guguwar ta ratsa yammacin Kuba, wutar lantarkin ƙasar baki ɗaya ta ɗauke. Sannan ta karkata gabas da inda aka zata. Ranar Laraba 28 ga wata ta sauka a tsibirin Cayo Costa kusa da Fort Myers, da iska mai gudun kilomita 240 a awa. A bakin tekun Fort Myers ruwa ya hau sama da mita 4, gadar tsibirin Sanibel ta karye, kuma mutum kimanin 150 suka rasu a Florida, da yawansu tsofaffi. A Tampa kuwa, inda muka baro, iska ta janye ruwan mashigin har ƙasarsa ta bayyana.

Kada mai karatu ya ɗauka wayonmu ne ya tsirar da mu. Masana da na'urorinsu sun nuna Tampa, Allah Ya hukunta Fort Myers. Kuma da a ce guguwar ta watse a teku ba ta taɓa kowa ba, da hukuncin Alhaji yana nan daidai, domin an ɗora wa bawa ya yi aiki da abin da ya sani, gaibu kuwa na Allah ne. Ma'anar hadisin da Tirmizi ya ruwaito ke nan, inda aka umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara.

Da na dawo gida sai na tarar da ambaliyar wannan shekarar, wadda ta ci rayuka sama da 600 a Nijeriya. Da yawa ba su da inda za su gudu, wannan kuma haƙƙi ne a kan mahukunta da mawadata. Amma kai matashi mai waya a hannu, idan gargaɗi ya iso gare ka, ka sani ni'ima ce aka yi maka. Ka isar da shi ga iyayenka da maƙwabtanka, ka fara ɗauke tsofaffi da yara, sannan ka bar wa Allah sauran.

Allah Ya jiƙan Musulmin da suka rasu, Ya tsare mu daga sharrin iska da ruwa, Ya ba mu fahimtar addininSa.