Fushi ya kama ni, ko ni na yi fushi?

A hunturun bara na fasa kofin shayi a gaban Inna. Ba suɓucewa ya yi ba, jifa na yi da shi. Laifin ƙanwata ɗaya ne: ta tambaye ni ko zan ƙara tuwo, alhali na riga na cinye malmala uku. Tsakar gida ta yi tsit. Inna ta dube ni ta ce, "Ke, wannan zuciya daga ina kika ɗauko ta? Ba haka na haife ki ba."

A Hausa, zuciya ita ce tsokar da ke bugawa a ƙirji, ita ce kuma saurin fushi. Inna ta biyun take nufi, amma a lokacin duka biyun sun rikice mini. Da dare ina kwance ina jin ƙirjina kamar ana daka a maƙwabta. Kowa a Damagaram yana cikin bargo, ni gumi nake yi. Ina ci kamar gara, zane kuwa sai zame mini yake. A aji hannuna na rawa har ba na iya karanta abin da na rubuta.

Kowa ya kawo tasa fassarar. Gwaggo ta ce iska ce, a nemo rubutu. Ƙawayena suka ce tsoron jarabawa ne, ko kuma akwai wani a ƙasa. Ni kuwa na ɗauka halina ne ya lalace, kuma wannan ya fi komi ba ni tsoro.

Lokotoron da muka gani ya taɓa wuyana, ya ce in haɗiye miyau, ya ƙirga bugun zuciyata: 118 a minti ɗaya, ina zaune. Ya aika ni awon jini. Da sakamako ya fito, TSH ya faɗi ƙasa, T4 ya hau sama. Ya yi mana bayani cewa a gaban wuya akwai wata ƴar halitta mai siffar malam-buɗe-littafi, ana ce mata tiroyid, ita ke daidaita saurin aikin jiki. Sojojin jikina, waɗanda aikinsu yaƙar cuta, su ne suka juyo suna zuga ta tana aiki ba hutu.

Inna ta ce, "Maƙoƙo ke nan, likita?" Ya ce, "A'a, Hajiya. Maƙoƙon da kika sani yawanci rashin iyod ke kawo shi. Wannan daban ne, ƙarin gishiri ba ya maganinsa." Masu Faransanci suna kiran ciwon Basedow, sunan likitan Jamus da ya bayyana shi a 1840, masu Ingilishi suna cewa Graves, sunan wani likitan Ailan da ya riga shi a 1835. Suna biyu a Turai, ni kuwa ina neman guda da zan faɗa wa Gwaggo.

Aka ɗora ni kan carbimazole, da propranolol don kwantar da bugun zuciya. Aka ce maganin zai ɗauki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma in na ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro in dakatar da shi in zo awon jini ranar. Na yi zaton shi ke nan, an gama. Ashe akwai ɗaya gefen. Bayan wata uku maganin ya yi mini yawa, tiroyid ɗin ta koma ƙasa. A tsakiyar bazara, mutane na neman inuwa, ni ina neman mayafi. Barci ba ya isata. Kalma ɗaya sai in neme ta in rasa, ni da nake karatun kimiyyar harshe. Wata rana na zauna ina kuka a kan tabarmar salla, aka tambaye ni mi ya faru, ban da amsa. Sai da aka rage ƙwayar na fara dawowa.

A wannan tsakanin ne, a darasin ginin jimla, muna maganar aikau da karɓau, na lura da wani abu. Bahaushe yana iya cewa "na yi fushi", yana kuma iya cewa "fushi ya kama ni", kamar yadda zazzaɓi ko yunwa ke kama mutum. A jimla ta farko ni ce mai aikin. A ta biyu ni aka yi wa. Na rungumi ta biyun hannu bibbiyu. Duk wanda na yi wa tsawa sai in ce, "Ciwon ne."

Ƙanwata ce ta ƙwace mini wannan garkuwar. Ran nan na daka mata tsawa a kan caja, na kuma kawo uzurina. Ta ce, "To, Yaya, ciwon ne zai zo ya ba ni haƙuri?" Ta fita. Na daɗe zaune. Gaskiyarta: ko wa ya jefa kofin, kusa da ƙafarta ya fashe.

Yanzu ina riƙe da jimlolin biyu tare. Ina da ƙaramin littafi da nake rubuta barcina, bugun zuciyata da yadda na wuni, kuma da shi nake zuwa ganin likita. In na tashi na ji ƙirjina na gudu, sai in faɗa wa mutanen gida tun da safe, "Yau zuciyar tana sama." Ba na amsa saƙon WhatsApp da ya ɓata mini rai sai gari ya waye. In abin ya taso, in tashi in yi alwala. In kuma ya riga ni, ina ba da haƙuri ba tare da na ambaci tiroyid ba.

An gaya mini ciwon yana iya dawowa bayan an daina magani, don haka ba na cika baki. Abin da nake roƙonku kawai, in ƴar ɗakinku ta rame, tana gumi cikin sanyi, ta zama mai faɗa dare ɗaya, kafin ku ce halinta ne ku raka ta awon jini. Ni Inna ce ta raka ni, da ɓacin ranta da komi.