Kama da Wane Ba ta Wane

Mun daɗe muna gaya wa ɗalibanmu cewa manazarcin adabi ba ya yanke wa waƙa hukunci daga baitin farko. Ashe mu ma karatun bai zauna mana ba, sai da wata 'yar tsuntsuwa ta tona mana asiri.

A cikin watan Nuwamba ne, lokacin daminar can, muka halarci wani taron ƙara wa juna sani a Firitoriya ta ƙasar Afirka ta Kudu. Wata rana da hantsi muna zaune a barandar masauki, sai ga tsattsewa tana kai da komowa da laka a baki. Nan take muka shaida wa abokin zamanmu, wani malami ɗan ƙasar, cewa ai mun san ta, irinta ce ke yin sheƙa a ƙarƙashin gadojinmu. Ya yi murmushi, ya miƙo mana madubin hangen nesa, ya ce mu sake dubawa.

Alal haƙiƙa akwai kama: ga jan kai, ga baya shuɗi mai duhu, ga jela mai reshe biyu. Amma tamu ta gida, jan kanta yakan sauko ya rufe kumatu, zanen ƙirjinta kuma baƙi ne mai kauri. Wannan kuwa kumatunta fari-fari ne, zanenta siriri kamar an ja shi da tsinin allura, sannan ta fi girma, don takan kai santimita 20. Masana na kiranta Cecropis cucullata, tamu kuwa Cecropis abyssinica.

Sheƙarta ta laka ce, tamkar rabin gora mai dogon wuya da aka manna a rufi. A Afirka ta Kudu da Namibiya da kudancin Zimbabuwe take ƙyanƙyasa, in sanyi ya ƙarato ta yi ƙaura zuwa Angola da kudancin Kwango da Tanzaniya. Ƙaurar ba ta kawo ta Nijeriya. Daɗin daɗawa, akwai wata baƙar tsuntsuwa mai farin ƙugu da kan ƙwace mata sheƙar. Ba danginsu ɗaya ba, amma ita ma tsattsewa muke ce mata. Wato suna guda muka raɗa wa mai gida da ɗan ƙwace.

Mun ji kunya, domin sunan muka riƙe, muka ɗauka tsuntsuwar muka sani. Tun da muka dawo, duk ɗalibin da ya ce mana ya gane waƙa saboda ta yi kama da wata, mukan mayar masa da takardar, mu ce ya je ya duba kumatunta.