Neman Labarin Talakan Gobe, Daga Kalgo Zuwa Gwandu

Kalgo mararraba ce. Wanda ya fito Birnin Kebbi zai nufi Jega ta nan yake bi, wanda kuma zai gangara Bunza har Kamba, bakin iyakar Nijar, a nan yake karya kwana. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, ta kuma fara zama a nan, garin ya samu wasu irin baƙi da bai saba da su ba: samari da 'yan mata masu jaka a baya, daga Zuru da Yawuri da Argungu, wasu ma daga kudancin ƙasar. Su na biyo. Wani abokina malamin makaranta ne ya ce in dai tsofaffin littattafan Turanci nake nema, in zo ƙarshen zangon karatu, lokacin da masu kammalawa suke sayar da katifa da risho da abin da ya rage a akwati don haɗa kuɗin mota. Na sauka da kaka, ana yankan shinkafa a fadama, buhunan shanshera jibge a bakin titi.

Abin da nake nema sai an ɗan yi bayani. A Amurka da Ingila, idan fim ko wasa ya karɓu, ba a barin duniyarsa ta mutu da ƙarewar fim. Sai a ɗauko marubuta su ci gaba da gina labarai a cikinta. Star Wars ya fito a 1977, shekara na zagayowa Alan Dean Foster ya fitar da Splinter of the Mind's Eye, a 1991 kuma Timothy Zahn ya zo da Heir to the Empire, wanda ya farfaɗo da kasuwar gaba ɗaya. Kamfanin Games Workshop na Nottingham, mai wasan Warhammer 40,000, har maɗaba'a ya buɗe ta kansa, Black Library, a 1997. Mafi yawan waɗannan littattafai yaƙi ne tsantsa: rundunoni, jiragen sararin samaniya, sarakunan da ke mulkin taurari. Ni kuwa na gaji da janar-janar. Tambayar da ta dame ni tun ina matashi ita ce, a irin waccan duniya wa ke sayar da abinci, wa ke biyan haya, in an kashe mutum a lungu wa ake kira?

Akwai 'yan kaɗan da suka amsa. Michael Reaves ya rubuta jeri uku mai suna Coruscant Nights tsakanin 2008 da 2009, inda wani Jax Pavan ya ɓuya a unguwannin ƙasa na babban birnin Star Wars, wuraren da hasken rana bai isa ba, yana cin abinci da aikin bincike. A 2020 Black Library ta buɗe sashe na musamman na labaran laifi, ta fara da Bloodlines na Chris Wraight. Jarumin ba soja ba ne, jami'in bincike ne mai suna Agusto Zidarov, mai mata da 'ya, da gajiya a jiki, wanda aka sa ya nemo ɗan masu kuɗi da ya ɓace a birnin Varangantua, bincike ya kai shi ga masu tsotse ƙuruciyar talakawa don tsawaita ran attajirai. Irin waɗannan na zo nema.

Shagunan da ke kusa da ɗakunan ɗalibai na hoton takardu ne da ɗinkin kundin bincike, sai masu POS da masu cajin waya. A gindin wata bishiyar dogon yaro na iske wani bawan Allah ya baza littattafai a tabarma. Na yi sallama, na durƙusa.

"Malam, mi kaka biɗa?" in ji shi.

Na yi masa bayani gwargwado. Ya saurara har na gama, sannan ya girgiza kai. "Wanga irin littahi ba mu aje shi. Babu mai tambaya tai. Amma duba, ko Allah na sa ka dace."

Na duba. Tambayoyin JAMB na shekarun baya, ƙamus, Ahalari da Ishmawi, littattafan soyayya na Kano masu bango mai ƙyalli, sai James Hadley Chase guda biyu da suka sha hannu har takardunsu suka yi laushi. Can ƙasa na ci karo da wani na Star Wars da bangon ya yage. Na buɗe tsakiya, jirage ne ke harbin juna. Na saye shi duk da haka, saboda mutumin ya ba ni lokacinsa. Su Chase ɗin ne suka fi tsaya mini a rai. Duk wanda ya yi sakandare a arewa a shekarun 1970 da 1980 ya san yadda ake layi a kansu a ɗakin kwana. Ashe ƙishirwar labarin bincike tsohuwa ce a wurinmu, kuma ba ta mutu ba, tunda har yau mai tabarma yana ganin ya dace ya ajiye su.

Da yamma abokina ya haɗa ni da wani ɗalibinsa na da, wanda yanzu ke karatun kimiyyar kwamfuta. Yaro ne mai natsuwa. Ya miƙo mini wayarsa da hannu biyu, ya ce, "Baba, nan ɗakin karatunmu yake." Littattafai ne jingim, waɗanda suke turawa juna a WhatsApp da Telegram. Ya san Dan Abnett, ya karanta Xenos, na farko a labaran Eisenhorn da ya fito a 2001, ya ce shi ne ya fara nuna masa cewa a duniyar Warhammer akwai kasuwa da masauki da kotu, ba filin daga kaɗai ba. Ya san Rosewater na Tade Thompson, wanda aka gina a Nijeriyar 2066, ya kuma ci kyautar Arthur C. Clarke a 2019. Shi ya tuna mini ma cewa Nnedi Okorafor ta taɓa rubuta gajeren labari a duniyar Star Wars a 2017, kuma ba ta zaɓi basarake ko jarumi ba, dabbar da ke zaune a ramin shara ta zaɓa ta ba ta baki. Na ji daɗin wannan hira ƙwarai. Amma da na tambaye shi na Hausa fa, sai ya yi shiru, ya ce ƙannensa mata suna karanta na Hausa kullum a waya, su ma suna sauraro a YouTube, sai dai na aure da kishi ne, ko na sadaukai da aljanu irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini. Na gobe, in ji shi, da Turanci ake samu.

Wannan magana ce ta raka ni Gwandu. Hanyar ba ta da nisa, gonakin dawa da gero ne hagu da dama, an karya an ɗaure dammuna, sai jan tsauni da ke tasowa yayin da mutum ya kusanci garin. Wanda bai san tarihi ba zai iya wucewa bai lura ba, don sarkin Gwandu a Birnin Kebbi yake zaune tun farkon zamanin Turawa. Amma a nan Shehu Usmanu ya zauna daga 1805 kafin ya koma Sifawa, nan ne kuma aka riƙa mulkin yammacin daula, har Nupe da Ilori. Na fara da hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, na yi addu'a. Ba a shiga garin marubuci irinsa da zancen littafi a baki ba tare da an gaishe shi ba. Shi ne mai Tazyinul Waraƙati, shi ne mai tafsirin Liya'ut Ta'awili, shi ne kuma ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano bisa roƙon mutanen garin, inda ya zayyana yadda ake naɗa shugaba da alƙali da sauran ma'aikata, da yadda hukunci ke tafiya. Mutumin da ya ga yaƙi da idonsa, a Tafkin Kwatto da Alwasa, amma hankalinsa yana kan abin da zai faru da mutane bayan an ajiye takobi. Ban ga bambanci mai yawa tsakanin damuwarsa da abin da ya fito da ni daga gida ba.

Kuma ba ni na fara zuwa Gwandu farautar littafi ba. A 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a nan kan hanyarsa ta zuwa Tambutu. Sarki Halilu ya ƙi ganinsa. Sai dai wani malami mai suna Buhari ya ara masa wani kundi, ya zauna 'yan kwanaki yana kwafar abin da ya iya cikin gaggawa. Kundin nan shi ne Tarikhus Sudan, tarihin Songhai da Tambutu da Jenne wanda Abdurrahman Assa'adi ya rubuta a wajajen 1655. Barth ya ɗauka na Ahmad Baba ne, an gyara wannan daga baya, amma ta hannunsa, daga Gwandu, Turai ta fara sanin abin da ke cikin littafin. Cikakkensa sai tsakanin 1898 da 1900 aka buga shi a Faris. Barth ya yaba ayaba da albasar garin ma. Albasa kam har yau yankin bai sake ta ba, ga Aleiro nan kusa.

Masu sayar da littattafai a kusa da masallaci na addini suke ajewa, Risala da Iziyya da Ishiriniya, bugun Kano da na Misira. Ɗaya daga cikinsu ne ya ce in je wurin wani tsohon hedimasta, "shi ad da tsohin littattahan boko cikin adaka." Ya haɗa ni da yaro ya raka ni.

Na same shi a zaure kan buzu, dattijo mai farin gemu, gilashi ɗaure da zare. Bayan gaisuwa da ruwan sanyi na faɗi buƙatata. Bai san Star Wars ba, bai kuma nuna yana son sani ba. Amma da na ce labarin da mutum ke tafiya sararin samaniya, sai fuskarsa ta washe. "Ɗana, ai Kilba kaka nuhi." Ya aika aka jawo adakar ƙarfe. Ƙamshin tsohuwar takarda da maganin asu ya cika zauren. Ya riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya: Ruwan Bagaja, Gandoki, Jiki Magayi, Iliya Ɗan Maiƙarfi, har ya kai ga ɗan siririn littafin da yake nufi, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, bugun kamfanin NNPC na Zariya, 1969. Shekarar da ɗan Adam ya taka wata, shekarar ce wani Bahaushe ya ɗauki yaro mai suna Kilba ya haɗa shi da baƙon halitta Kolin Koliyo ya tura su sama. Dattijon ya ce ya karantar da shi a aji, kuma yaran da ba sa ɗaga hannu a darasin lissafi su ne ke roƙon a ci gaba in an kaɗa ƙararrawa.

A ƙarƙashinsa sai ga Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, 1982, labarin fasa-ƙwauri da jami'an kwastan da attajirin da ya sayi kowa. Na riƙe su biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, na daɗe ban ce komai ba. Ga sararin samaniya a wannan hannu, ga bincike da rayuwar gari a wancan. Littafin da nake nema shi ne wanda zai haɗa su, kuma rabi da rabinsa suna nan cikin harshenmu tun kafin a haifi ɗalibin nan na Kalgo. Kamar dawa ce da wake a rumbu ɗaya, ba wanda ya dafa su tare.

Abin ya yi mini ciwo, domin kayan labarin a Kebbi ba sai an je aro ba. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Banki a Nuwamban 2015. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a fara buɗe su ba sai Disamban 2020, kuma duk wanda ke zaune a kan hanyar Kamba ya san abin da dare ya riƙa gani. A damunar 2020 ambaliya ta shanye gonakin shinkafa a faɗin jihar. A ɗauki waɗannan a tura su gaba shekara hamsin. Fadamar Gulbin Kebbi, injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana, ruwa ana sayar da shi da lamba a waya, ƙananan jirage marasa matuƙi suna gadin iyaka, bashin manomi yana rubuce a na'urar da ba ta san uzuri ba. Sai a wayi gari sunan wata bazawara ya ɓace daga rajistar gonaki, gonar da ta gada ta koma hannun wani kamfani. Wa zai bi sawu? Wannan labari ba ya buƙatar harbi ko ɗaya, kuma na yi imani ƙannen ɗalibin nan za su karanta shi har su manta da tuwo a wuta, tunda gado da zalunci da haƙƙin mace su ne abin da suke karantawa tun asali.

Na faɗa wa dattijon wannan tunani. Ya saurara yana shafa gemu, sannan ya yi gyara. Ya ce kada a sa ɗan sanda ya zama mai binciken. A ƙauye, in ji shi, kafin magana ta kai caji ofis ta riga ta bi ta hannun mai unguwa da liman da sarkin noma, kuma wanda ya fi kowa sanin iyakar gona shi ne tsohon da ya ga lokacin da aka dasa gamba a kanta. A sa magatakardan kotu, ko malamar asibiti, ko mai auna hatsi a kasuwa, wanda mutane ke sakin baki a gabansa. Na rubuta wannan a takarda nan take, don ya fi duk abin da na zo da shi.

Na nemi ya sayar mini da Tauraruwa Mai Wutsiya. Ya ce a'a, jikokinsa ba su gama da shi ba, amma in zauna in karanta. Na zauna a zauren na karance shi tsakanin azahar da la'asar, aka kawo fura muka sha. Da zan tafi na ba shi lambar ɗalibin Kalgo, na kuma kira yaron a gabansa na ce lallai ya zo Gwandu kafin ya koma gida hutu, ya zo da abin rubutu. Ya ce in sha Allahu ranar Asabar. Daga nan na nemi mota zuwa Tambuwal, don in kama hanyar Sakkwato kafin magariba.