Dabo Bakwai, Ashe Ɗaya Ne

Ina cikin dabo na huɗu wata yarinya 'yar aji uku, da ke zaune a kan tabarmar sahun gaba, ta ɗaga hannu kamar muna cikin darasi. "Malam, ai ka yi wannan ɗazu." Babu rashin kunya a muryarta, tuni take mini, yadda mamu kan yi wa liman idan ya yi rafkanuwa. Na ce mata a'a, wannan daban ne, ta zuba ido ta gani. Ta zuba ido kuwa, katin ya fito, ta juya ta ce wa ƙawarta, "Ba na gaya miki ba?"

Ranar ba da kyaututtuka ce a makarantar firamaren da nake koyarwa. Na yi shekara biyu ina koyon rufa-ido a YouTube, da dare bayan na gama duba littattafan yara, kuma da ma nakan ɗan taɓa wa malamai a ofis. Sai hedimasta ya ce in nishaɗantar da iyaye na minti 30. Na tsara dabo bakwai, shida daga ciki na kati ne.

A wurina kowanne da ranarsa. Akwai wanda nake sa mutum ya zari katin da ni na nufa alhali yana zaton zaɓinsa ne. Akwai wanda nake leƙa katin ƙasa in riƙe shi a matsayin alama. Akwai na ɗaga kati biyu a manne su zama kamar ɗaya. Akwai na ɓoye kati a tafin hannu, wanda na yi wata uku ina fama da shi a gaban madubi har maiɗakina ta fara tambaya ko lafiya. Da sauran biyun, hanya shida, wahala shida. Amma wanda ke zaune a ƙarƙashin rumfa abu ɗaya yake gani: zaɓi kati, mayar da shi, ga katinka. Na farko an yi tafi har da guɗa. Na uku tafin ya zama na kara. Kafin in kai na biyar, yaran baya sun tashi sun nufi mai ƙanƙara a bakin ƙofa, iyaye mata sun koma hirarsu.

Da aka watse na ɗora laifin a kan lasifika mai ƙara, da zafin rana, da yaran yanzu da waya ta lalata musu haƙuri. Ina tattara kayana wani dattijo, kakan ɗaya daga cikin ɗalibaina, ya dogaro sandarsa ya zo.

"Malam, sannu da ƙoƙari. Hannunka na da sauri."

"Na gode, Baba."

"Sai dai tuwo ɗaya ka tuƙa, ka yi ta sake masa suna. Mu da muka ga 'yan dabo a kasuwa muna yara, mutum zai fara da kiɗa da barkwanci, ya ciro ƙwai daga hular wani, ya yanke igiya ya haɗa, abin tsoro kuma sai jama'a ta cika. Kai kuma mu na baya ko zanen katin ba ma gani." Ya ɗan yi shiru, ya ƙara da cewa wasu iyayen ma ba su so ganin karta a hannun malamin 'ya'yansu ba, don su a wurinsu kayan 'yan caca ce. Wannan ko kusa bai zo mini a rai ba.

Na yi kwanaki ina jin zafin maganar, mafi yawa don na rasa inda zan kama in musa. Daga baya na ci karo da littafin wani Ba'amurke, Dariel Fitzkee, mai suna The Trick Brain, wanda ya fito a 1944. Mutumin ya tattara duk abin da mai dabo zai iya nunawa ya ce iri 19 ne: fito da abu daga babu, ɓatar da shi, sauya masa wuri, sauya masa kama, ratsa abu da abu, gyara abin da aka lalata, tayar da abu sama, karanta zuciya, faɗin abin da zai faru, da sauransu. Na ɗauko takardar shirina na auna. Dabo shida sun faɗa gida ɗaya, wato gano abin da aka zaɓa. Na lissafa bambanci da abin da yatsuna ke yi, wanda kuma shi ne ainihin abin da nake ɓoye wa mai kallo. Ta ina zai san na sha wahala iri shida?

Manyan sana'ar sun daɗe da sanin haka. Robert-Houdin, Bafaranshen da shahararren ɗan dabo Houdini ya aro sunansa, ya je Aljeriya a 1856 bisa aiken gwamnatin Faransa don ya rage wa malaman da ke tunzura jama'a a kan 'yan mulkin mallaka kwarjini. Aiken dai ba abin yabo ba ne, kuma ban taɓa karanta labarin ban ji wani iri ba. Amma dubi abin da ya jera: ya ciro ƙwallayen igwa daga hula, ya sa ƙaramin akwati ya gagari ƙato ɗauka ta hanyar maganaɗisun lantarki da ke ƙarƙashin dandamali, ya bari aka harbe shi da bindiga, ya ɓatar da saurayi. Dariya, mamaki, tsoro, kowanne da nasa lokaci.

Da shekara ta zagayo na roƙi hedimasta ya sake ba ni dama, amma minti 15. Na fara da gaya wa iyaye cewa babu aljani babu tsafi, saurin hannu ne da ɗauke hankali. Na buɗe da jan adiko da ya ɓace ba tare da na ce uffan ba. Na kira yaro ya yanke igiyar shanya da almakashi da hannunsa, na mayar da ita lafiya. Na rubuta lamba a takarda na ba hedimasta ya saka a aljihu, malamin lissafi ya haɗa lambobin da iyaye suka faɗa, jimla ta zo daidai. Kati ban taɓa shi ba, har da na tafin hannun nan na wata uku, kuma barinsa ya fi mini komai ciwo.

Na rufe da gwangwanayen tumatir uku da ƙwallayen takarda, dabon da ake yi tun zamanin Rumawa da kofuna. Ƙwallo ya yi ta yawo daga wannan gwangwani zuwa wancan, sannan na kira yarinyar nan, yanzu tana aji huɗu, na ce ta ɗaga na tsakiya. Ta ɗaga, lemun tsami ya gangaro. Ta ɗauka ta shinshina, ta leƙa cikin gwangwanin, ta leƙa ƙarƙashin tebur. Har aka tashi lemun na hannunta, ta ƙi ba ni.