Dodon Koɗi a Tankin Kawuna

Hausawa sun ce, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Cikin ƙananan halittun ruwa ban san wanda wannan magana ta fi dacewa da shi ba kamar dodon koɗi. Ga shi ba ƙaya, ba dafi, tafiyarsa kuwa ko hawainiya ta fi shi sauri, amma duk da haka kakanninmu suka laƙa masa sunan dodo. Mu ɗaliban Hausa an koya mana cewa ba a raɗa wa abu suna a banza. To, ina so in ba masu karatu labarin yadda muka kara da wannan ƙaramin dodo a gidanmu, a Gafasa ta ƙasar Ajingi, domin abin da na gani a can ya wuce maganar gida ɗaya.

Kawuna ya gina wani tanki na siminti a tsakar gida, tsawonsa taku shida, faɗinsa taku huɗu. Ya cika shi da ruwan rijiya, ya je Wudil ya sayo 'ya'yan karfasa ya zuba. Niyyarsa ya sami na cefane, amma kafin a jima tankin ya zama abin kallo. Da la'asar sai ka ga yaran gida sun kewaye shi, suna tsoma hannu suna tsokanar kifi. Da zafin rana ya yi yawa, wani maƙwabci ya ba da shawara a ɗebo kainuwa daga kududdufin bayan gari a yi wa kifin inuwa. Aka ɗebo, aka zuba, kifi suka ji daɗi.

Ashe kainuwa dashen Allah ba ita kaɗai ta zo ba. Ba a cika wata biyu ba sai ga 'yan ƙananan dodon koɗi, kowanne bai fi ƙwayar wake ba, sun lulluɓe bangon tankin. A kwashe su da safe, gobe a tarar kamar ba a taɓa ba. Lokacin da na zo hutun damina na iske Kawu ransa a ɓace, har ya sayo wani maganin feshi irin na gona zai zuba. Na ce, "Kawu, a yi haƙuri a dakata. Abin da zai kashe su ai zai fara da kifin." Ya ce, "To, ɗan boko, kawo naka maganin mu gani."

Na kira wani abokina da ke karatun ilmin halittu a jami'ar Wudil. Ya ɗauki guda ɗaya ya ɗaga tsininsa sama, ya juyo bakinsa ta wajenmu, ya ce mu lura. Bakin yana hannun hagu, ba shi kuma da marfi. Ya ce wannan shi masana ke kira Bulinus, shi ne masaukin tsutsar tsargiya. Akwai ɗan'uwansa Biomphalaria, mai naɗi kamar gammo, wanda ke ɗauke da irin wadda ke kama hanji. Babbar katantanwar nan kuwa da muke murzawa muna yara, ita ba ruwanta da wannan cuta. Da Kawu ya ji an ambaci tsargiya sai ya dubi jikokinsa, ya yi shiru. Daga ranar maganar ta tashi daga ta kifi ta koma ta yara.

A garinmu ba a ɗauki tsargiya a bakin komai ba. Wasu su ce yawon rana ke kawo ta, wasu ma su ce alamar yaro ya fara zama namiji ce. Alhali kuwa tun 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya ga tsutsar a jijiyoyin jinin mutane a Alƙahira, shi ya sa Turawa ke kiran cutar da sunansa. A 1915 kuma Robert Leiper ya tabbatar, a can Masar ɗin, cewa sai ta bi ta jikin dodon koɗi kafin ta kama mutum. Ga yadda abin yake. Mai tsargiya ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya fita tare da fitsarin ya ƙyanƙyashe. Abin da ya fito ya nemi dodon koɗi ya shige. Bayan kamar mako huɗu zuwa shida, sai ya riƙa fitowa ɗari-ɗari, ido ba ya ganinsa, ya huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Bayan wata biyu ko uku sai ga jini a ƙarshen fitsari. In ta daɗe ba magani takan lalata mafitsara da ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum fiye da miliyan 250 ne ke bukatar maganinta, mafi yawansu a Afirka.

To, yanzu yaya za a raba kifi da wannan baƙo? Magungunan kashe shi suna nan, akwai wanda ake kira Bayluscide, amma yakan haɗa da kifi. Har a cikin itatuwanmu akwai maganinsa. A 1933 wani likita a Sudan, Archibald, ya nuna cewa 'ya'yan aduwa, wannan dai aduwar da muke tsotsa, in aka jiƙa su a ruwa suna kashe dodon koɗi. A 1964 kuma wani masani ɗan Habasha, Aklilu Lemma, ya lura da matattun dodon koɗi a ƙasan inda mata ke wanki da 'ya'yan wani tsiro mai kumfa da suke kira endod. Sunan garin da ya ga haka kuwa Adwa, abin da ya ba ni dariya da na ji shi. Sai dai aduwar da endod ɗin duka ba su bar kifi ba. Watau dai guba ba ta san na gida ba.

Saboda haka muka bi ta hanyar haƙuri. Da farko aka hana yara tsoma hannu, mu ma ba ma taɓa ruwan sai da leda a hannu ko da ludayi mai dogon mariƙi. Sa'an nan muka kwashe kainuwar ƙaf muka shanya a rana. Da muka kifa ganyenta sai ga ƙwai manne a ƙasa, dunƙule-dunƙule kamar majina. Abokina ya ce kowane ɗaya daga cikinsu mace ne kuma namiji ne, har wani irin yakan hayayyafa shi kaɗai ba tare da abokin barbara ba. Kun ji dalilin da ya sa kwasar safe ba ta rage su.

Abu na uku shi ya fi yi wa Kawu wuya, watau rage abinci. Saboda son da yake wa kifin nan, yakan watsa musu dusa da garin ƙuliƙuli fiye da cikinsu. Ragowar ta nutse ta ruɓe, gansakuka ta yi kauri a bango, dodon koɗi ya sami gara. Muka ce kada a zuba sai abin da za su cinye nan take. Ya ce, "Kai, so kake ka kashe mini su da yunwa?" Na ce, "Kawu, ai ba kifin ake ciyarwa ba, baƙin ake yi wa tuwo." Ya yi dariya ya yarda.

Da dare kuma mukan jefa ganyen kabeji biyu ko uku, a ɗaura musu ɗan dutse. Da asuba a ɗago su sun yi baƙi da dodon koɗi, a zubar can kan busasshiyar ƙasa. Mako biyu muna haka, suka ragu ƙwarai. Daga nan muka juye kifin cikin ganguna da sabon ruwan rijiya, muka zubar da tsohon ruwan inda ba mai takawa, muka kankare bango, muka jiƙa aduwa muka wanke tankin, muka ɗauraye, muka bar shi kwana bakwai rana na dukansa. A kududdufi in ruwa ya ƙafe dodon koɗi yakan shige laka ya yi likimo har damina ta zagayo, amma a kan siminti ba shi da maɓoya. Da aka mai da kifin, Kawu ya kafa rumfar zana a kan tankin maimakon kainuwa. Yara uku da aka kai asibiti, biyu an same su da tsargiya, ko daga tankin ne ko daga wankan kududdufi, aka ba su ƙwayar praziquantel, wadda aka samo a Jamus wajen 1972, suka warke.

Abu ɗaya da abokina ya faɗa ya tsaya mini a rai. Ya ce dodon koɗi ba ya gadon cutar daga uwarsa. Wanda aka ƙyanƙyashe a ruwa mai tsabta, tsarkakakke ne har ya mutu, sai fa in mutum ya kawo masa. Watau mu ke ba shi ajiya, shi kuwa ya mayar mana da riba. Haka kuma mu ke gina masa gida. Kududdufan garuruwanmu ramukan da muka haƙa ne don ƙasar gini. Madatsar ruwa ta Tiga da aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ta kawo albarkar noman rani a su Kadawa da Kura, amma magudanan da ba sa ƙafewa sun ba dodon koɗi wurin zama rani da damina. A Senegal ma, bayan an gama madatsar Diama a 1986, cutar ta ɓarke a garin Richard Toll har ta kama yawancin mutanensa. Ba cewa nake a daina tare ruwa ba. Cewa nake duk wanda ya tara ruwa, ko tanki ne ko tafki, ya ɗauki nauyin abin da zai zauna a cikinsa.

Don haka, 'yan'uwa ɗalibai, in mun koma garuruwanmu hutu, akwai aikin da ba ya bukatar kuɗi. Mu gaya wa iyayenmu da harshen da suke ji cewa jini a fitsarin yaro ciwo ne, yana kuma da magani. A hana fitsari da bahaya a bakin kududdufi. A riƙa cire ciyawar gefen ruwa inda ake wanki. In dole sai an yi wanka da ruwan, a ɗebo a ajiye shi kwana biyu zuwa uku, abin da ke huda fata zai mutu da kansa. Mai kiwon kifi kuma kada ya sa tsiron kududdufi a tankinsa. Malaman kimiyya sun yi nasu binciken tun shekaru da dama da suka wuce, amma yana nan kulle cikin Turanci. Fito da shi zuwa zaure da tsakar gida kuwa, in ba mu masu nazarin Hausa ba, wa zai yi? Allah ya ba mu ikon yi, ya kuma ƙara mana lafiya, amin.