Hutun Da Na Yi A Wurin Wankin Mota

Da aka ba mu dogon hutu a watan Yuli na 2024, ban yi murna kamar sauran 'yan ajinmu ba. Dalili kuwa shi ne mahaifina ya daɗe yana kwance, ga kuɗin rajistar jarrabawar WAEC na tafe, ba mu san inda za su fito ba. Kwana uku da komawata gida sai mahaifiyata ta ce in shirya in tafi wurin ƙanenta, wanda yake da wurin wankin mota a bakin titin Zariya a Kano. Na amsa da to, amma a raina kunya nake ji. Ina ta tunanin abin da abokaina za su ce in sun gan ni riƙe da bokiti da tsumma.

Ran da na fara, Kawu ya zaunar da ni ya ce, "Ɗana, wanke bayan mota kowane yaro ya iya. Gwanintar tana cikinta." Ya ce shi ya koyi sana'ar ne a kan Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Motocin yanzu kuwa cike suke da wayoyin lantarki har ƙarƙashin kujeru, saboda haka ba a yi musu wankan tsiya.

Ga yadda ya koya mini aikin. Da farko a fitar da duk kayan mai mota a ajiye wuri ɗaya, ko da sulalla ce. Sa'an nan a ciro shimfiɗun ƙafa a kakkaɓe, a wanke su a waje, a shanya. Daga nan sai injin zuƙar ƙura. Ana farawa daga sama a gangaro ƙasa, don kada ƙura ta sake sauka inda aka riga aka gyara. Lungunan da hannu ba ya shiga, kamar ramukan iskar sanyi da gindin giya, da tsohon burushin haƙori ake bin su. Kujerar yadi kumfar sabulu ake shafa mata, a goga a hankali, a tsotse da tawul. Kujerar fata kuwa tsumma mai ɗan danshi take so, sai man da ke hana ta tsagewa. Gilashi shi ne na ƙarshe.

Kowane tabo kuma da maganinsa. Manja ba a murza shi, sai dai a danna tsumma ya shanye, a bi da sabulun wanke-wanke. Jini ruwan sanyi yake so, domin ruwan zafi kama shi yake sa ya yi. Cingam kuwa ƙanƙara ake ɗora masa, in ya sandare a ɓamɓare.

A mako na uku na ga kamar na zama gwani. Wata Laraba Kawu ya tafi Sabon Gari sayen kayan aiki, sai ga wani Alhaji, tsohon mai hulɗa da mu, ya kawo motarsa. Jikokinsa sun zubar da fura da nono a kujerar baya. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, kafin la'asar an gama." Don in burge shi, sai na kwarara wa kujerar ruwa bokiti guda, na dirje ta har ta yi fes. Hadari ya taso, na rufe gilasai. Da ya zo ya ga ta yi kyau, har tukwici ya ba ni.

Bayan kwana huɗu ya dawo ransa a ɓace. Yana buɗe ƙofa wani wari ya buge mu. Ashe ruwan ya ratsa yadin ya shige cikin soso tare da nonon, har ya gangara ƙarƙashin kafet. Ga damina, ga mota a rufe, duk ta yi funfuna. Alhaji ya ce maiɗakinsa mai ciwon asma ce, tun da ta shiga motar take tari. Jikina ya yi sanyi. Na san in ya ɗauke motocinsa, abokansa ma za su bi shi.

Kawu ya tambayi wanda ya yi aikin. Mu uku ne yara a wurin, kuma da na yi shiru da ba lalle a gane ba. Na durƙusa na ce ni ne. Kawu bai zage ni ba. Ya ba Alhaji haƙuri, ya ce a bar masa motar kwana biyu, ba ko kwabo.

Muka cire kan batir tukuna saboda wayoyin jakar iska da ke ƙarƙashin kujerun gaba, sa'an nan muka kwance kujeru, muka ɗaga kafet. Muka tsotse ruwan da inji, muka wanke, muka kunna fanka a ciki dare da rana, ƙofofi a buɗe. Kawu ya sauya matatar iskar sanyi da ke bayan akwatin dashbod, ya ajiye kwanon gawayi ya sha sauran warin. Ya ce turare ɓoye wari yake yi, ba ya kashe shi. A nan na tuna da abin da malamin Bayoloji ya koya mana, cewa funfuna danshi da ɗumi take so. Na ci wannan tambaya a jarrabawa, amma sai a ranar na fahimce ta.

Alhaji ya karɓi motarsa, ya shinshina, ya yi murmushi. Na miƙa masa tukwicinsa, ya ce in riƙe, ladan gaskiya ne. Kawu kuma ya cire kuɗin man janareta daga cikin ladana, ya ce don kada in manta. Ban kuwa manta ba.

Da hutu ya ƙare, abin da na tara bai kai kuɗin rajistar ba, Kawu ya cika mini. Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, kada mu raina sana'a, domin Hausawa sun ce sana'a goma maganin mai gasa. Iyayenmu kuma ina roƙonku, in an yi hutu ku tura mu koyon aikin hannu. Wanda duk motarsa ta yi ƙura a hutu mai zuwa, ya san inda zai same ni.