Awa biyar a Haɗejiya

Duk wanda ya taɓa raka alhaji ko ɗalibi mai tafiya ƙasar waje ya ji labarin jiran jirgi a Addis Ababa ko Alƙahira: awa shida, awa takwas, mutum na zaune a kujera yana kallon agogo. Kakanninmu fatake suna da sunan irin wannan tsayawa, wato zango, kuma ba su ɗauke shi ɓata lokaci ba. A zango ake shayar da dabbobi, a ji farashin kaya, a san garin mutane.

Mu namu zangon a Haɗejiya ya same mu, cikin watan Janairu, a hanyarmu daga Kano zuwa Maine-Soroa ta Jamhuriyar Nijar. Motar Nguru ba za ta tashi ba sai bayan la'asar. Muka karɓi lambar wayar direba, muka damƙa masa jakunkunanmu, muka yanke cewa wuri uku kawai za mu je. Mai awa biyar da ya ce sai ya ga komai, a kan babur zai ƙare ranarsa.

Muka fara da ƙofar fada. Ɗaliban tarihi sun san sunan Sarki Buhari, wanda ya bijire wa Sakkwato a tsakiyar ƙarni na 19 kuma aka kasa tanƙwara shi har rasuwarsa a 1863. A garin nan ne kuma, ranar 25 ga Afrilu 1906, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga sojojin Ingila, ya yi yaƙi har aka kashe shi. Shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Ku lura da shekarar: Kano da Sakkwato sun faɗi tun 1903, amma Haɗejiya ta ƙara shekara uku. Mutanen garin ba su manta ba, kuma ba sai ka tambaye su sau biyu ba.

Daga nan sai kasuwar kifi, wadda hanci ke nuna wa baƙo hanyarta. Ga tarwaɗa da karfasa, ɗanye da banda, ana cusa su a kwalaye ana lodi zuwa Kano da kudancin ƙasar nan. Ba mu daɗe ba.

Inda muka kashe sauran lokacinmu shi ne bakin kogi, kudu da gari. Ruwan da ke wucewa a nan daga ƙasar Kano ya taso, inda kogin Kano da na Challawa suka haɗu. Gabas da Haɗejiya ƙasa ta kwanta shimfiɗe, sai kogin ya rarrabu ya malale cikin fadamu, kafin ya haɗu da na Jama'are su zama Komadugu Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. Da damina a shuka shinkafa, in ruwa ya ja a bi danshi da wake da kayan lambu, masunta su kama kifi, Fulani su shigo da shanu. Fili ɗaya, sana'a uku.

A nan muka gane ba mu kaɗai ne matafiya ba. Ban da 'yan gida irin su balbela da zalɓe da kirinjijiya, akwai garken ƙananan agwagin ruwa da wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna tsattsagar taɓo. Yawancin waɗannan baƙi ne daga Turai da arewacin Rasha. Idan sanyi ya daskarar da tafkunansu sai su nufo kudu, su ƙetare Bahar Rum da Sahara, tafiyar dubban kilomita. Fadamun Haɗejiya da Nguru suna cikin wuraren ruwa na farko da suke tararwa bayan hamada. Wasu a nan suke cinye hunturu, wasu su huta su wuce. Wajen watan Maris sai su dage da ci, su tara kitse, domin shi ne man da zai mayar da su gida. Masu bincike kan sa wa wasunsu zobe mai lamba a ƙafa, ta haka aka gano hanyoyinsu. Saboda su ne aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, dajin Baturiya na Kirikasamma kuma a 2008.

Sai dai zangon yana ƙanƙancewa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamu kowace shekara ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana kaɗan-kaɗan har da rani. Abin da ciyawar kachalla ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya bushe, wani ya nutse, ta kuma zama maɓoyar jan-baki mai cinye shinkafa. Madatsun sun ba Kano ruwan sha da noman rani, wannan gaskiya ne, amma a ganinmu masunci da manomin da ke ƙasan kogi su ma suna da haƙƙi a lissafin sakin ruwan.

Baturiya kam ba ta 'yan awa biyar ba ce, tana son yini guda da ɗan jagora. Kulob ɗin kimiyya na makarantarku zai iya shirya zuwa tsakanin Disamba da Fabrairu, da sassafe, da littafin rubutu da fensir. Mu dai ƙarfe huɗu saura direba ya kira ya ce, "Malamai, saura mutum biyu mota ta cika." Muka tari mai babur, da ƙullin bandar tarwaɗa a hannu.